Babi na Huɗu: Sayen Laftof Ba Cinikin Biri a Sama Ba Ne

Laftof ta farko da na saya da gumina, wata 'yar takarda da aka liƙa a kusurwarta ce ta ja ni. Shuɗiya ce, ba ta fi girman kan sarki ba, an rubuta Core i7 a jikinta. Yaron shagon ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Yallaɓai, i7 ce fa, daga ita babu wata. Ga ma'ajiya tera guda, ko finafinan duniya za ka zuba ba ta cika." Na taya, ya ce albarka. Na ƙara, ya sallama. Na rungumo ta zuwa gida ina ganin na tsinci dami a kala.

Ba a yi mako ba na san na ɗauko wa kaina aiki. In na danna makunni, sai na je na yi alwala na dawo tana nan tana miƙa. In aka ɗauke wuta, batirin ba ya kai minti arba'in. Fankar cikinta kuwa in ta tashi sai ka ce injin markaɗe. Da abin ya ishe ni na kai ta wurin wani mai gyara da ya daɗe a sana'ar. Ya kunna, ya duba wata lamba, ya yi murmushi ya ce, "Malam, ba ƙarya aka yi maka ba, i7 ce. Sai dai i7 ta shekarar 2012. Ai tsohuwar Marsandi ma sunanta Marsandi."

Maganar nan ta zauna mini. Yaron shago bai faɗa mini ƙarya ko ɗaya ba. Ni ne na shiga kasuwa ban san abin da zan tambaya ba, kuma ban san aikin da nake nema wa na'urar ba, in ban da dai a ce ina da laftof. Yawancin waɗanda suke kuka da abin da suka saya haka abin yake faruwa da su. Suna sayen suna, alhali aiki ya kamata su saya.

Tambayar da ake yi tun daga gida

Kafin ka tambayi mai shago nawa ne, ka tambayi kanka me za ka yi da ita. Ka ɗauki biro ka rubuta ayyuka uku da za ka fi yi kullum, ba waɗanda kake mafarkin yi wata rana ba.

Ɗalibin da zai buga aikin makaranta a Word, ya karanta littattafai, ya shiga darasi ta Zoom, ya gwada tambayoyin jarrabawar JAMB da ake yi a kwamfuta, buƙatarsa ɗaya ce da ta malamin makaranta da ma'aikacin ofis da ɗan kasuwar da ke lissafi a Excel. Matsakaiciyar na'ura mai riƙe caji ta ishe su. Mai shagon buga takardu da ke zana katin biki da kalanda a CorelDRAW ko Photoshop yana buƙatar wadda ta ɗara wannan, musamman wajen kyan allo. Ɗalibin zanen gine-gine da ke aiki da AutoCAD, da mai tace fim irin na Kannywood, su ne suke da hujjar neman babbar na'ura mai katin hoto na daban, irin na NVIDIA. Wanda bai shiga wannan sahu ba ya sayi irin tasu, ya sayi tirela ne don kai yara makaranta: ga tsada, ga shan mai, ga wahalar juyawa.

Uban da zai saya wa ɗansa ko 'yarsa, ya sa a tambayo waɗanda suka riga su shiga sashen da suke karatu: wace manhaja ake aiki da ita a aji uku da aji huɗu? Amsar wannan tambaya ta fi shawarar mai shago goma, domin mai shago abin da ke kan kantarsa yake son sayarwa.

Tela, tebur da kabad

Ka ɗauki laftof kamar shagon tela ana jibi Sallah. Furosesa ita ce telan kansa, da saurin hannunsa. RAM shi ne teburin da yake shimfiɗa yadi ya yanka. Ma'ajiya ita ce kabad ɗin da aka jibge ɗinkunan jama'a. Tela komai gwanintarsa, in teburinsa bai fi faranti ba, sai ya naɗe wannan shadda kafin ya buɗe waccan. In kuma ƙofar kabad ɗin tana cijewa, rabin dare zai ƙare wajen ɗauko kaya. Shi ya sa ba a duba abu ɗaya a bar saura.

Mu fara da telan. Kamfanin Intel ya kasa furosesoshinsa gida-gida: i3, i5, i7. Wannan kowa ya sani, kuma shi ake liƙawa a waje. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne zubi, wanda 'yan kasuwa ke kira janareshan. Yana nan a lambar da ke biye da sunan. In ka ga i7-3520M, wannan 3 ɗin na farko yana nufin zubi na uku, na 2012, irin wadda na saya ke nan. In ka ga i5-8250U, zubi na takwas ne, wanda ya fito a 2017. Daga zubi na goma zuwa sama, lambobi biyu na farko ake dubawa: i5-1135G7 zubi na goma sha ɗaya ne. Waccan i7 ta 2012 ƙwaƙwalwa biyu gare ta, wannan i5 ta zubi na takwas tana da huɗu. Wato tela biyu a shago ɗaya, huɗu a ɗayan. Ƙaramin suna ya kayar da babba. Kamfanin AMD ma yana da nasa jerin, Ryzen 3 da 5 da 7, kuma ba su da wani aibi, sai dai kasuwarmu ta fi sabawa da Intel. Tun ƙarshen 2023 kuma Intel ya fito da sabon suna, Core Ultra, a kan sababbin na'urori.

Zubi na takwas ya zama kan iyaka saboda wani dalili na daban. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafin da ya saba ba Windows 10, wato gyare-gyaren tsaro na kyauta da kowa ke samu. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, a ƙa'ida ba ta hawa sai a kan zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen na laftof jerin 3000 zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan. Masu gyara sun san dabarar cusa ta a kan tsofaffin na'urori, kuma za ka ga tana aiki, amma kamfanin bai ɗauki alkawarin ci gaba da kula da irin waɗannan ba. Don haka ganin Windows 11 a allo ba shaida ba ce cewa na'urar ta zamani ce. Lambar furosesa za ka duba. Wanda ƙarfinsa bai kai zubi na takwas ba, ya saya da saninsa, ya kuma biya kuɗin tsohuwa, ba kuɗin budurwa ba.

Sai tebur. A yau RAM mai giga 4 ƙunci ne. Ka buɗe shafuka biyar a Chrome, ka buɗe Word, na'ura ta fara numfashi sama-sama. Giga 8 shi ne mafi ƙanƙantar abin da zan ba mutum shawara, giga 16 kuma ga mai zane da mai tace bidiyo da mai koyon rubuta manhaja. Ka tambaya ko akwai gurbin ƙari. Wasu siraran na'urori an narke RAM ɗinsu a jikin allon ciki, yadda ka saya haka za ka mutu da shi. Wasu kuma akwai gurbi a buɗe, in Allah ya hore bayan wata shida ka ƙara.

Kabad ɗin kuwa iri biyu ne, kuma a nan aka fi yi wa mutane wayo da yawan lamba. Tsohon samfuri, HDD, faifai ne na gaske da ke juyawa a ciki, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke bin sa tana karantawa. Ga nawa, ga shan batir, ga rashin jure girgiza. Wanda ke goya jakarsa a kan babur ko cikin adaidaita sahu a hanya mai gargada, wata rana zai buɗe ya tarar faifan ya tafi da aikinsa na shekara. Sabon samfuri, SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa, kuma na'urar da ke da shi cikin daƙiƙoƙi take tashi. SSD mai giga 256 ya fi HDD mai tera guda amfani ga yawancin mutane, ko da yake lambar ta biyu ta ninka ta farko sau huɗu. Finafinai da hotunan biki a zuba su a ma'ajiyar waje.

Akwai wani tarko da ya fi kama iyaye: sabuwar laftof fil a kwali, siririya, mai sheƙi, da araha mai ban mamaki. Ka duba ciki, sai ka ga furosesa Celeron, RAM giga 4, ma'ajiya irin ta waya mai giga 32 ko 64. Ita kanta Windows 11 tana neman giga 64 kafin ta zauna. Araha ba ta ado. Irin wannan kyan ɗan maciji ne, wata uku yaro zai dawo yana cewa ta cika, ta ƙi motsi.

Wuta, zafi da ƙura

Waɗanda suka ƙera na'urorin nan ba su ƙera su da tunanin Kano a watan Afrilu ba. A wurinsu soket yana nan ko da yaushe, ofis kuma da sanyi. Mu kuwa dole mu saka abu uku cikin lissafi.

Na farko wuta. A garin da ake iya wuni ba a kawo ta ba, batir ba ƙari ba ne, shi ne rabin na'urar. Laftof mai ƙarfin doki da ke mutuwa bayan awa ɗaya, kwamfutar tebur ce da aka yi wa marfi. Ka duba jikin caja, za ka ga an rubuta yawan wutar da take ja. Na'urorin ofis yawanci wat 45 ko 65 ne. Manyan nan na wasanni da tace fim suna kai wat 150 zuwa sama. Ga mai ƙaramar sola a gida, wannan bambanci shi ne tsakanin a yi aiki har dare da a kwana cikin duhu. In ka samu wadda ake yi wa caji ta kafar USB-C, ka samu sauƙi, domin akwai manyan fawa-bank da ke iya ɗaukarta.

Na biyu zafi. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ma'aunin zafi yana haura 40 a bazara. Furosesa in ta ɗau zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, sai ka ga na'urar da ke tashi da safe ta koma tafiyar hawainiya da azahar. Siraran na'urori masu babbar furosesa sun fi fama da wannan, domin babu sararin da iska za ta zaga. Kuma komai kyan wadda ka saya, in ka saba ɗora ta a kan katifa ko darduma kana toshe mata hanci, kai ne ajalinta.

Na uku ƙura. Hunturu ɗaya ya isa ya cika fankar laftof da wani abu kamar auduga. Na'urar da ake kwance ƙasanta da 'yan kusoshi a share ta, ta fi dacewa da mu a kan wadda aka manne da gam. MacBook Air mai furosesar M1, wadda Apple ya fitar a ƙarshen 2020, ba ta da fanka ko ɗaya, kuma tana da riƙon caji sosai. Amma ba a ƙara mata RAM ko ma'ajiya, gyaranta da tsada, kuma akwai manhajojin makaranta da na ofis da ba sa aiki sai a Windows. Kowane allazi da nasa amanu.

Sabuwa ko ta hannu?

Mai hali ya sayi sabuwa daga dilan da ke ba da garanti na shekara, ya huta. Amma gaskiyar kasuwarmu ita ce yawancin laftof da ke hannun ɗalibai da ma'aikata na hannu ne, waɗanda ake kira tokumbo. Manyan kamfanoni da ma'aikatu a Turai da Amurka suna sauya na'urorin ma'aikatansu bayan 'yan shekaru, 'yan kasuwa su saye su a jimla, su sauka a Computer Village da ke Ikeja a Legas, daga nan su bazu zuwa Banex a Abuja, da Farm Centre a Kano, da sauran garuruwa.

Wannan ba abin kunya ba ne, kuma in an iya zaɓe akwai riba a ciki. Kowane babban kamfani yana da layi biyu: na gida da na ofis. Na ofis su ne ThinkPad na Lenovo, wanda IBM ya fara ƙerawa a 1992 kafin Lenovo ya saye sashen a 2005, da Latitude na Dell, da EliteBook da ProBook na HP. An yi su ne don a buɗe a rufe kullum, a jefa a jaka, a kwance a gyara. ThinkPad T480 da Latitude 7490 da EliteBook 840 G5, duk 'yan 2018 ne, kuma ana samunsu da furosesa zubi na takwas, sai dai a duba lambar, don wasunsu sun zo da na bakwai. Irin waɗannan, in suna da lafiya, sun fi sabuwar Celeron nesa ba kusa ba.

Kafin ka yanke shawara, ka leƙa wurin mai gyara na garinku ka tambaye shi: wace iri ce kayan gyaranta suka fi samuwa a nan? Ranar da allo ya fashe ko batir ya kumbura, amsarsa ce za ta raba ka da jiran wata biyu a kawo kaya daga Legas ko Dubai.

Rabin awa a bakin kanta

Ranar saye kada ka yi gaggawa, kuma kada ka saya a hoto. Ka nemi kujera ka zauna da na'urar rabin awa. Mai kayan kirki ba ya jin haushin a duba. In ka tafi da wanda ya sani, ka tabbata naka ne, ba wanda zai koma da yamma ya karɓi la'ada ba.

Ka cire caja tun farko, ka kunna bidiyo, ka ga yadda cajin ke sauka. A Windows akwai umarnin da ake bugawa, powercfg /batteryreport, wanda ke fito da rahoton batir. Lambobi biyu za ka kwatanta: ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da abin da yake iya ɗauka yanzu. In na biyun ya koma rabin na farko, ka saka kuɗin sabon batir cikin cinikin. Ka shiga saitin na'urar da kanka ka karanta lambar furosesa da yawan RAM, kada ka dogara da takardar da aka liƙa, domin takarda ana ɓamɓarowa a sake mannawa.

Ka buɗe shafin rubutu ka danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. Ka lura da jerin haruffan: na Ingilishi yana farawa da QWERTY, na Faransanci da AZERTY. Ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya yi boko da Faransanci zai fi sakewa da na biyun, ɗan Katsina kuwa zai yi ta neman A inda Q take. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ba sai an sayi wata na'ura ta musamman ba, a saiti ake ƙara su. Ka mai da allon fari fat, sannan baƙi ƙirin, ka nemi tabo ko layi. Allo mai ɗigo 1920 da 1080 ya fi mai 1366 da 768 sauƙi ga idon mai dogon karatu. Ka buɗe marfin ka rufe sau da yawa, ka saurari ko gwiwarsa tana ƙara. Ka gwada kowace kafa da filashi, ka gwada kyamara da lasifika da kamun intanet. Ka juya bayanta: kusoshin da suka ɓace ko suka cinye suna ba da labarin hannu nawa ya shiga cikinta.

Sai makulli. Wasu na'urorin suna zuwa da kalmar sirri tun daga matakin tashi, wasu na Apple suna ɗaure da asusun mai su na farko, wasu kuma har yanzu suna rajista da sunan kamfani ko makarantar da ta mallake su a waje. Duk wanda ya ce maka "ba komai, za a buɗe daga baya", ka ce ya buɗe yanzu a gabanka. Daga ƙarshe ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar jikin na'urar da adadin kwanakin garanti a rubuce. Wannan takarda ita ce za ta tsaya maka in aka wayi gari wani ya ce kayansa ne aka sace.

Rabon kuɗi

Da gangan ban kawo farashi ko ɗaya a babin nan ba. Kayan nan da dala ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a 2023 farashin da aka rubuta yau ba ya kai baɗi. Abin da ba ya canjawa shi ne yadda ake raba abin da ke hannu. Kada ka juye duka a kan na'urar. Ka rage na jaka mai kauri, da abin kare caja daga haukan wuta in an kawo ta da ƙarfi, da ma'ajiyar waje da za ka riƙa kwafe aikinka.

In kuɗi ya gaza, akwai abin da ake haƙura da shi, akwai wanda ba a taɓawa. Allon da ake shafawa da yatsa, da marfin da ke juyawa ya koma kamar faranti, da launi, da siranta, da sunan i7, duk ana iya barinsu ba a yi asara ba. SSD da RAM giga 8 da batir mai rai, su ne cin yau da gobe. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Shekaru bayan wancan ciniki nawa, 'yar yayata ta samu gurbin karatu a jami'a, aka ce in raka ta. Tun a gida muka zauna ta rubuta abin da za ta yi da na'urar, na kuma koya mata karatun lamba. Da muka shiga wani shago, yaron ya sauko da wata mai ƙyalli, ya ɗora yatsa a kan 'yar shuɗiyar takarda ya ce, "Hajiya, i7 ce wannan, daga ita babu wata."

Ta dube ni ta ce, "Kawu, in tambaya?"

Na ce, "Ke za ki yi aiki da ita."

Ta juya ta ce masa, "Zubi na nawa ce? Kuma don Allah cire cajar mu gani."

Yaron ya yi shiru, ya dube ta, ya dube ni, sai ya yi dariya. Ya mai da mai ƙyallin inda ya ɗauko ta, ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya jawo wata baƙa, mai ɗan kauri, gefenta har ya koɗe. Ya ajiye a gabanta, ya jawo mata kujera, ya ce, "To, tunda kin san kan abin, ga wadda za ki duba."